Poka: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Tun da wasan kartar nan na Amurkawa da ake kira poka ya fito daga gidajen cacar Las Vegas ya shige cikin salula, aka samu wasu sababbin malamai marasa allo da tawada, waɗanda ke wa'azi dare da rana da Turanci da Faransanci cewa wai poka ba caca ba ce, ilimi ce. Suna da littattafai, suna da darussa na bidiyo, suna da makarantun da ake biyan kuɗin wata. Kiransu guda ne: kai ƙaramin ɗan wasa, mai zama tabur ɗin kuɗi kaɗan don nishaɗin ƙarshen mako, gyara dabararka, ka daina biyan kuɗin nishaɗi, nishaɗin ya koma biyanka. Waliyyinsu kuwa wani akawu ne daga jihar Tenesi mai suna Chris Moneymaker, wanda a 2003 ya shiga wata ƙaramar gasa ta intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya ƙare da lashe babbar gasar duniya da dala miliyon 2 da rabi. In mun ce dala a nan, ta Amurka muke nufi, kada mai karatu ya lissafa da tamu ta kasuwa ya ga abin da sauƙi.

Za mu koma kan waliyyin nan. Amma bari mu fara da ba malaman gaskiyarsu, domin ba mu cikin masu rufe ido su ce abin duk sa'a ce.

Akwai gwaninta a poka, musu a kan haka ɓata baki ne. Masanin lissafi John von Neumann, da shi da Oskar Morgenstern, sun keɓe wani sashe na littafinsu na 1944 ga wannan wasa, suka nuna da alƙaluma cewa burga, wato mutum ya zuba kuɗi kamar mai ƙarfi alhali hannunsa wofi ne, wajibi ce ta lissafi, ba halin maƙaryata kawai ba. A 2011 wasu masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da Thomas Miles, suka bi sakamakon gasar duniya ta 2010, suka tarar da cewa waɗanda aka riga aka sani da gwaninta tun kafin a raba karta sun fita da ribar da ta haura kashi 30 bisa ɗari na abin da suka zuba, sauran jama'a kuwa suka yi hasarar kusan kashi 15. A 2012 ma wani alƙalin tarayya a Niyok, Jack Weinstein, ya yanke cewa gwaninta ta rinjayi sa'a a wasan, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a shekarar da ta biyo, bisa wata hujja ta daban.

To, mun yarda. Sai dai a sake duba alƙaluman nan biyu da kyau. Kashi 30 ɗin da gwanaye suka ci, daga aljihun wa ya fito? Poka ba gona ba ce, ba ta tsirar da ko zangarniya guda. Duk abin da wani ya ɗauka, wani ne ya ajiye. Saboda haka duk wanda ya ce maka a wasan nan gwani ke ci, ya gaya maka a fakaice cewa wanda ba gwani ba shi ake ci, kullum, a tsanake, ba kamar tambola ba da ke cin kowa ba tare da duban fuska ba. Su kansu ƴan sana'ar ba su ɓoye wannan a tsakaninsu: sunan da suka laƙaba wa mai zuwa don nishaɗi shi ne kifi.

Yanzu ga abin da ake sayarwa. Ilimin da ƙaramin ɗan wasa ke bukata bai cika shafi biyu ba, kuma ga shi nan kyauta, domin mai karatu ya auna da kansa ko ya kai a biya masa kuɗin wata.

Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne na Teksas. Karta ƙwaya 52 ce, iri huɗu, kowane iri 13. Ana ba kowa ƙwaya biyu a rufe, sa'an nan a shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, uku a karon farko, sai ɗaya, sai ɗaya, kuma tsakanin kowane karo ana zuba kuɗi. Mutum ko ya bi, ko ya ƙara, ko ya jefar da nasa ya huta. Darasi na farko shi ne jefarwa. A tabur mai mutum tara, ɗan wasan kirki yana jefar da wajen huɗu cikin kowane rabo biyar tun kafin a buɗe komai a tsakiya. Mai nishaɗi kuwa ya baro gida ne don ya yi wasa, zaman kallo ba ya cikin shirinsa, don haka sai ya shiga da kowace tarkace, kuma a nan rabin hasararsa take. As biyu, wanda ya fi kowane rabo ƙarfi, sau ɗaya yake zuwa cikin 221. A tabur na zahiri, inda ake raba karta kamar sau 30 a awa, ke nan mutum zai yi zaman awa bakwai kafin ya gan shi. In ya zo ɗin ma, aka kara da mai riƙe da wasu tagwaye ƙanana, sau ɗaya cikin biyar ana kayar da shi.

Darasi na biyu wurin zama ne. Wanda ke magana daga ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, kamar dattijon da ke bari yara su gama faɗin albarkacin bakinsu a gaban sarki. Ya shiga da yawa in shi ne na ƙarshe, ya takura in shi ne na farko. Na uku, kada a yi wa wanda ba ya jin tsoro burga. Ƙananan tabura cike suke da masu bi don su gani da idonsu, kuma wanda ya ƙudura sai ya gani, ba kurarin da zai kore shi. Maganinsa a jira hannu mai kyau a sa shi ya biya da tsada.

Na huɗu shi ne lissafin da ake ta yi wa kirari, alhali ɗan firamare zai iya shi. A ce kana riƙe da ƙwaya biyu masu zanen zuciya, a tsakiya akwai wasu biyu, saura kati guda a buɗe, kana neman ta biyar. Cikin 13 ka ga huɗu, saura tara, cikin 46 da ba ka gani ba. Wato sau ɗaya cikin biyar za ta zo. In akwai dala 30 a tsakiya, abokin karawarka ya zuba wata 30, za ka biya 30 don neman 60. Yi haka sau biyar: sau huɗu ka zubar da 120, sau ɗaya ka ɗauki 60. Jefar. In kuwa dala 5 kawai ya zuba, sau huɗu ka rasa 20, sau ɗaya ka ɗauki 35. Bi. Shi ke nan. Abin da ya rage shi ne mutum ya tashi in ransa ya ɓaci, kuma ya riƙa rubuta abin da ya shigo da shi da abin da ya fita da shi, wanda ya fi duk sauran wuya, don ba mai son ganin fuskarsa a wannan madubi.

Wannan duka gaskiya ne, kuma wanda ya kiyaye shi zai fi maƙwabcinsa na tabur. Amma akwai mutum na goma a tabur mai mutum tara, wanda ba a raba masa karta, ba ya burga, ba a taɓa kayar da shi, kuma malamanmu ba su cika son a daɗe a kan zancensa ba. Shi ne mai gida.

A poka gidan caca ba ya karawa da kowa. La'ada yake yanka daga kuɗin tsakiya a kowane rabo. A ƙananan taburan Amurka, inda zubin dole yake dala 1 da dala 2, abin da aka saba shi ne kashi 10 bisa ɗari, har zuwa iyakar dala 5 ko 6. Ya kai mai karatu, ɗauki alƙalami. Mutum tara sun zauna, kowa da dala 200, jimla 1,800. A ce la'adar kowane rabo, in an haɗa manya da ƙanana, ta tsaya a dala 4. Rabo 30 a awa, dala 120 ke nan. Cikin awa takwas dala 960 sun zurare ta wani ɗan rami da ke gefen mai rabawa, fiye da rabin duk abin da aka zo da shi, ban da tukuicin da al'ada ta ɗora wa duk wanda ya ci. Ba a ganin abin, domin wanda aljihunsa ya ƙare yana tashi wani ya zauna da sabon kuɗi, tabur kullum a cike kamar tulun da ake ɗura masa ruwa ta sama yana yoyo ta gindi.

Su kansu masu koyarwar suna cewa gwanin da ke fita da dala 10 zuwa 20 a awa a irin wannan tabur ya yi abin a yaba. Mu ba su na sama. A ce akwai gwanaye biyu, kowa na cin 20. Mai gida na cin 120. Sauran mutum bakwai su ne ke biyan 160 a kowace awa, kusan dala 23 kowannensu. Wanda ya kwana yana haddar alƙaluma ya samu kashi ɗaya, wanda ya ajiye kujeru ya samu shida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma a lura da iyakar nan ta dala 5, don a nan ne rashin adalcin ya fi fitowa fili. In kuɗin tsakiya dala 50 ne, an yanki kashi ɗaya cikin goma. In dala 5,000 ne, a taburan manya, an yanki ɗaya cikin dubu. Haraji ne da ke danne talaka ya ɗaga wa mai hali ƙafa, irin wanda in wata gwamnati ta kawo shi majalisa za mu cika shafin farko da shi. A intanet kason ya fi sauƙi a ido, wajen kashi 5, amma ana raba karta ninki biyu ko fiye na saurin hannun mutum, kuma ana iya buɗe tabur huɗu ko goma a lokaci guda. A taburan ƴan santimomi kuɗin tsakiya ba ya cika kaiwa iyaka, saboda haka kusan kowane rabo cikakken kaso ake yanka. Wurin da ake tura ɗan koyo da sunan nan ne mai sauƙi, nan ne wuƙar ta fi kaifi. Mutum zai iya fin duk abokan zamansa iyawa, ya kuma tashi da hasara a ƙarshen wata, don ratar da ya ba su ba ta kai faɗin la'ada ba.

Sai ka ce, ai ni na san wane, yana ci. Wataƙila. Wanda ke zama awa huɗu kowane mako zai ga rabo dubu shida da ƴan kai a shekara, kuma wannan adadi bai isa ya raba gwaninta da sa'a ba. Ƴan sana'ar da kansu ba su yarda da sakamakon da bai kai dubun-dubatar rabo ba. Mai hasara na iya rufe shekara guda cur da riba, ya ɗauka ya iya. Gwani na iya rufe ta da hasara. Wannan hazo shi ne jarin sana'ar baki ɗaya. Mai yankan tikitin tambola ya san sa'a yake nema, in ya faɗi sau goma yakan ji kunya ya rage. Ɗan poka in ya ci sai ya ce iyawata ce, in an ci shi sai ya ce ban gama koyo ba, ko kuwa yau katin ne bai zo ba. Kowace amsa tana mayar da shi kan kujera. Abin da ya sa muke cewa gwanintar da ake tallata wasan da ita, ita ce ƙugiyarsa.

A nan malamin ke shigowa da darasinsa na gaba. Kuma ya kamata a san yadda da yawa daga cikinsu ke cin abinci. Ban da kuɗin makaranta, akwai dillanci: malami ya ce wa almajiri ka buɗe asusu a gida kaza ta wannan ƙofa tawa, za a ba ka kyautar maraba. Daga ranar, wani kaso na duk la'adar da aka yanka wa almajirin yana komawa aljihun malamin, ko almajiri ya ci ko an ci shi. Wannan tsari ba ɓoyayye ba ne, kamfanonin suna tallarsa a fili. To wane malami ne, a irin wannan hali, zai ce wa ɗalibinsa rage zama? Kuma in har dabarar tana haifar da kuɗi kamar yadda ake faɗi, me ya sa mai ita ya bar tabur ya koma sayar da ita ga waɗanda gobe za su zauna gabansa?

Akwai masu gaskiya a cikinsu, ba mu yi musu kuɗin goro ba. Amma ko mai gaskiyar yana da matsalar da ba ya iya warwarewa. In duk mutum taran suka sayi littafi guda suka haddace, ba wanda ya ƙaru, sai mai littafin da mai gida. Abin da ya faru ke nan cikin shekaru ashirin da suka wuce: wasan ya yi tauri, abin da ya isa a ci kuɗi da shi a 2005 yau ko kare kai ba ya yi.

Sa'an nan ga na'ura. A watan Janairun 2017, a wani gidan caca na birnin Pitsbag, wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da gwanaye huɗu na duniya har kwana 20, rabo 120,000, ta lallasa su. A 2019 ƙanwarta Pluribus ta yi haka a tabur mai mutum shida, kuma horar da ita bai ci abin da ya wuce dala 150 na hayar kwamfuta ba. Waɗanda suka ƙera ta suka ƙi sakin sirrinta, don gudun kada ta rusa wasan intanet. Ƙin sakin bai hana wasu ƙera tasu ba. A 2024 mujallar Bloomberg Businessweek ta ba da labarin wani gungu da ya samo asali daga birnin Omsk na Rasha, wanda ya shekara da shekaru yana zuba irin waɗannan ƴan wasan ƙarfe a taburan intanet. Saurayin da ke zaune a fada cikin Maraɗi ko Damagaram da salula a hannu, yana ƙirga tara cikin 46, ba shi da hanyar sanin ko wanda ke gabansa yana numfashi.

Ko an cire na'ura, tarihin gidajen kansu ya isa ishara. A 2007 da 2008 aka gano cewa a Absolute Poker da UltimateBet wasu na cikin gida suna kallon katunan abokan wasansu a rufe, suka kwashe miliyoyi, kuma ƴan wasa ne suka bankaɗo abin da bin alƙaluma, ba hukuma ba. Ranar 15 ga Afrilu 2011 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta rufe ƙofofin manyan gidaje uku. Da aka buɗe littattafan Full Tilt Poker, wanda fitattun gwanayen da ake gani a talabijin ke cikin masu shi, masu gabatar da ƙara suka ce ƴan wasa na bin sa wajen dala miliyon 390, abin da ke banki kuwa bai wuce miliyon 60 ba, alhali an raba wa masu kamfanin sama da miliyon 440 cikin shekaru huɗu. Waɗannan fa su ne malaman wancan zamani, masu koya wa yara kiyaye jari. Sai da PokerStars ya saye gidan a 2012, cikin wata yarjejeniya ta dala miliyon 731 da gwamnati, kafin mutane suka fara ganin kuɗinsu, wasu bayan shekaru.

Wani abin dariya, mai gida ma ba son gwani yake ba. Gwani yana cin kuɗi ya fitar da su, shi kuwa mai gida ya fi son kuɗin su yi ta kewaya tsakanin marasa iyawa har la'ada ta cinye su ƙurmus. Don haka aka ƙirƙiro wasu gajerun gasanni na mutum uku, a Faransa a 2013, sauran duniya a 2014, inda wata ƙafar tambola ke juyawa ta faɗi ladan da za a ci kafin a raba karta, a gama cikin ƴan mintoci. Da baki ana cewa ilimi ne, da hannu ana mayar da shi tambola.

Gwamnatoci fa? Kada a sa ran ceto daga can. A 2006 majalisar Amurka ta hana bankuna tura kuɗi gidajen cacar intanet, kuma ta yi haka ne da tsakar dare, ta liƙa dokar a wutsiyar wata doka ta tsaron tashoshin jiragen ruwa wadda ba ɗan majalisar da zai iya ƙin ta. Dokar ba ta taɓa tambolar jihohi ba, wadda ke riƙe kaso mai tsoka na kuɗin talakawan da ke yankan tikiti. A 2018 kotun ƙoli ta buɗe ƙofar caca a kan wasanni, jihohi fiye da talatin suka ruga. Faransa ta halatta poka ta intanet a 2010, ta zauna a tabur da nata kason a bayan na mai gida. Mu ma nan ba mu da bakin yi musu dariya, tun da Lonani ta gwamnati ce, kuma ma'aikacinmu ya san dawakin Vincennes da sunayensu fiye da yadda ya san na hawan salla. Hukuma ba caca take ƙi ba, cacar da ba ta da kaso a ciki take ƙi. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Saura hujja guda, kuma ita ce mafi ƙarfi, don haka ba za mu tsallake ta ba. Wani zai ce: ni ba gidan caca nake zuwa ba, ba intanet nake shiga ba. Mu shida ne, abokan juna, muna haɗuwa a gida, ba mai yankan la'ada, kuɗin kaɗan ne, yau na ci gobe a ci ni. Haka miliyoyin Amurkawa ke yi tun wasan yana cikin jiragen ruwan kogin Misisipi a ƙarni na 19. Shugaba Truman ma da ƴan majalisarsa haka suke yi, har da Churchill ya zaunar a tabur cikin jirgin ƙasa a 1946. Gaskiya ne wannan ya fi duk sauran sauƙin illa, kuma lissafin la'adar da muka yi bai shafe shi ba. Amma a nan ne kiran gyara dabara ya fi muni. Ranar da ɗaya daga cikin shidan ya je ya yi karatu a ɓoye, zancen yau ni gobe kai ya ƙare. Kuɗin sun samu hanya guda da suke bi, daga aljihu biyar zuwa aljihu ɗaya, kowane mako, kuma mai aljihun ya san sirrin da sauran ba su sani ba. Littattafan ma suna koya masa ya riƙa yi wa wanda ya fi hasara fara'a, kada ya gyara masa kuskure, kada ya bari ya gane. A wane gari ake kiran wannan abota?

Muka ce to a yi da ƙwallon dabino ko tsinken ashana mana, kamar yadda ake buga belot a fada a kan shayi da ba'a, wanda aka ci ya sha dariya ya wanke kofuna. Sai su ce a'a, in ba kuɗi burga ba ta da ma'ana, kowa zai bi tun da ba abin da zai rasa. Wannan ma gaskiya ne, kuma mun gode da suka faɗe ta da bakinsu. Wasan dara ba ya bukatar ko tamma kafin a san gwani. Wasan da gwanintarsa ba ta aiki sai an sa wa mutum tsoron rasa abin aljihunsa, sunansa caca, ko da jami'a ce ta rubuta ƙa'idojinsa. Hukuncinta a addinin mafi yawan masu karanta wannan jarida sananne ne, yana cikin Baƙara da Ma'ida, ba sai mun hau mumbarin da ba namu ba. Abin da ya dame mu shi ne sauya mata suna, don wanda ya san caca yake yi yana iya tuba ko ya rage, wanda aka gaya wa karatu yake yi kuwa sai ya ƙara ƙwazo.

In ana son a ga iyakar abin da gwaninta ke saya, a tambayi tarihin Stu Ungar, wanda da yawa ke ɗauka ba a taɓa yin kamarsa ba. Sau uku ya lashe babbar gasar duniya, a 1980 da 1981 da 1997. A watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki mai araha a Las Vegas, yana da shekara 45, da ƴan ɗaruruwan daloli a aljihu. Hodar ibilis da cacar wasanni sun cinye abin da karta ta kawo.

Mu koma ga waliyyi, kamar yadda muka alkawarta. A gasar 2003 mutum 839 suka shiga, kowace kujera dala 10,000. Da aka rage saura goma, Moneymaker ya kara da Phil Ivey, wanda a lokacin ma ana lissafa shi cikin gwanayen duniya. Moneymaker na riƙe da as da sarauniya, Ivey na riƙe da tara biyu. Aka buɗe sarauniya biyu da shida, sai aka buɗe tara, Ivey ya shige gaba, ya tura duk abin da ke gabansa, akawu ya bi. Saura kati guda. Cikin 44 da suka rage, bakwai ne kawai za su cece shi, wato wajen sau ɗaya cikin shida. As ta faɗo. Ivey ya tashi a na goma, akawu ya wuce ya ci gasar, talabijin ta nuna wa duniya, har da katunan da ke rufe, ta wata ƴar kyamara da aka dasa a bakin tabur. Shekarar da ta biyo mutum 2,576 suka biya kuɗin kujera, a 2005 suka zama 5,619, a 2006 suka kai 8,773. Gidan intanet ɗin da ya fito daga cikinsa ya ɗauke shi aikin talla, ya riƙe shi shekara 17, kuma a 2014 aka sayar da kamfanin a kan dala biliyon 4 da miliyon 900.